Yadda malami zai ci gaba da koyarwa ta waya idan an rufe makaranta

Malaman Kaduna sun ga rufe makarantu iri biyu a jere: na annobar korona daga watan Maris na 2020, da na matsalar tsaro a 2021. A lokacin korona gwamnatin jiha ta sa darussa a rediyo da talabijin, musamman don 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu jiran jarrabawar WAEC da NECO. Hakan ya taimaka, amma rediyo ba ya duba littafin yaro. Wannan aikin malamin aji ne, kuma sai an tsara shi.

Kafin a shirya darasi ko ɗaya, a ɗauki rajistar aji a yi ƙidayar wayoyi. A gaban sunan kowane ɗalibi a rubuta lambar waye ake da ita, babbar waya ce ko ƙarama, da lokacin da take gida. Na ƙarshen nan shi malamai suka fi mantawa. Wayar yawanci ta uba ce. Ya fita da ita Kasuwar Barci ko wurin aiki tun da safe, ba za ta dawo Rigasa ba sai bayan magariba. Duk darasin da aka ce sai an halarta kai tsaye ƙarfe goma na safe, an cire wannan yaron tun ba a fara ba. Don haka a tura darasi da yamma, a ba da kwana guda cur kafin a karɓi aiki.

Wannan ne ma ya sa Zoom, manhajar taro ta bidiyo kai tsaye, bai dace ya zama ginshiƙi ba. Awa ɗaya ta bidiyo kan ci rabin gigabait ko fiye, na kyautar yana yankewa bayan minti 40, kuma da sabis ya yi rauni murya za ta fara tsinkewa. Saƙon murya na minti 3 a WhatsApp kuwa bai kai megabait 1 ba, yana jira har a samu caji, kuma yaro zai iya maimaita shi sau biyar ba tare da jin kunya ba.

Darasin da ke aiki abu uku ne: murya, hoton takarda, da aikin yi. Muryar kada ta wuce minti 4, kuma abu ɗaya za ta koyar. Idan batun rabawa ne mai saura, to shi kaɗai. Ninkawa ta jira gobe. A fara da faɗin aji, darasi da kwanan wata, domin saƙon zai yi ta yawo daga waya zuwa waya, rubutun da aka sa a ƙasansa zai ɓace. A kashe fanka, a shiga ɗaki mai labule ko katifa don rage amsa-kuwwa, a riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga baki. A tsakiya a ce: "Tsayar da sautin nan, ka yi lamba ta ɗaya a littafinka, sannan ka ci gaba." In ba haka ba yaro zai saurara ne kawai yana kwance, ya zaci ya gane.

Hoton kuma a rubuta shi da baƙin alƙalami mai kauri a farar takarda, layi takwas zuwa goma. WhatsApp yana matse hoto, ƙananan rubutu su dushe, har 3 ta koma kamar 8. A ɗauka da rana kusa da taga, wayar na kallon takardar daga sama. Hoton allo ba ya fita da kyau saboda ƙyalli da ƙurar alli. Aikin yi tambaya uku zuwa biyar ya isa: biyu irin misalin da aka yi, ɗaya wadda sai an yi tunani.

Zaure biyu ake buɗewa a WhatsApp. Na farko na darasi ne, a saita shi yadda masu kula da shi kaɗai ke iya turawa, in ba haka ba cikin mako guda gaisuwar Juma'a da tallan atamfa za su binne darasin. Na biyu na tambaya da miƙa aiki. A sa shugaban makaranta ko wani malami cikin masu kula da su duka biyun, a saka lambobin iyaye da hannu, kada a watsa mahaɗin shiga. Malami namiji kada ya buɗe hira ta keɓe da ɗaliba; komai ya bi ta zaure ko ta wayar iyayenta. Wannan kariya ce gare ta, kariya ce gare shi.

Wurin duba aiki ne malamai ke gajiya su watsar. Aji mai yara 60, kowa ya turo hoto uku, waya ta cika. A kashe saukar da hotuna kai tsaye, a ce shafi ɗaya kawai, da suna a samansa. Ba dole a gyara na kowa kullum ba: a raba ajin gida huɗu, kowace rana a duba kashi ɗaya da kyau, sauran a yi musu alama a rajista. Washegari a yi murya ta minti 2 kan kuskuren da ya fi yawa, ba tare da kiran suna ba. Idan aiki ya fito tsaf fiye da kima, wataƙila yayan yaron ko yayarsa ce ta yi. A kira yaron minti ɗaya ya bayyana yadda ya samu amsar.

Masu ƙaramar waya fa? Saƙon tes yana ɗaukar harafi 160, amma da an sa ƙ, ɗ ko ɓ sai ya koma 70, kuɗin ya ninka. A nan kaɗai za a iya haƙura da haruffa masu lanƙwasa. Saƙon muryar WhatsApp kuma yawancin ƙananan wayoyi ba sa iya kunna shi, sai an mayar da shi MP3 an zuba a memori. Gidaje maƙwabta na iya tura wa juna ta Bluetooth ko Xender ba tare da data ba. Inda babu waya sam, a yi fotokwafin aikin mako a takarda biyu, a ajiye a ƙofar makaranta ko gidan mai unguwa, a karɓi na makon jiya ranar da ake ba da sabo.

Ba sai malami ya ƙirƙiri komai da kansa ba. Dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a 2022, kyauta ne kuma yana bin manhajar ƙasa. Kolibri, wani dandalin darussan ne, yana aiki ko babu intanet da zarar an sauke darussan a kwamfuta. Sai dai a saurari kowane darasi kafin a tura. Wasu Turancinsu ya fi ƙarfin ɗan aji huɗu, sai malami ya biyo da bayanin minti ɗaya da Hausa.

Yaron da bai turo komai ba sau uku a jere, a kira gidansu kafin ƙarshen mako. Sau da yawa data ce ta ƙare, ko an canja layi, ko an sa shi talla. A rubuta dalilin a rajista, domin ranar da aka koma aji waɗannan ne za a fara yi wa gwajin tambaya goma a ga inda suka tsaya.