Kafin ku kai yara sakandare a Ingila

Tun da na iso hutu, zauren gidanmu a Jekadafari bai rabu da baƙi ba, kuma tambayar ɗaya ce: "Yaya, ya makarantar yara take a can?" Wasu har sun sayi akwati ba su san ajin da za a sa ɗansu ba.

Makarantar gwamnati ba a biyan kuɗi, yunifom yana kanti, abincin rana ku tambayi na halal. Aji kuma da ranar haihuwa ake ba da shi, ba da ƙoƙarin yaro ba: ɗan shekara 11 aji na 7, jarrabawar kammala sakandare ta GCSE a shekara 16. Ku riƙe takardar haihuwa ta asali.

Abin da ya hana ni barci adireshi ne. Ƙaramar hukuma ce ke duba neman gurbi, kuma sai ta ga shaidar inda kake zaune: yarjejeniyar haya, ko takardar harajin gida, ko ta wuta mai sunanka. Ni kuwa ɗaki na kama a hannun wanda shi ma haya yake, kuɗi hannu da hannu, ko rasit babu. Na roƙe shi ya rubuta mini ko da layi biyu ne, ya ce in zaman bai yi mini ba ga ƙofa nan. Mako bakwai 'yata ta yi a gida. Kullum da safe tana jikin taga tana kallon tsararrakinta suna wucewa da jakunkuna, ba ta cewa komai. Bara wani ɗan Bauchi ya faɗa wannan ramin bayan na ja masa kunne sau biyu, wai ai mai ɗakin ɗan uwa ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutanenmu a can akwai zumunci, za su tarbe ka a filin jirgi su ciyar da kai wata guda, amma zumunci ba ya zama takarda a ofis.

Sai darasin addinai da al'adun duniya. Doka ta wajabta wa makarantun gwamnati a Ingila koyar da addinai, ta kuma ba iyaye damar cire ɗansu. Tsoro ya sa na cire 'yata a zangon farko, sai ta koma zama ita kaɗai a ɗakin karatu. Da na mayar da ita ta san Hindu da Sikh da Yahudanci, ranar da aka zo kan Musulunci kuwa ita ta yi wa ajin bayanin alwala da zakka. Ba ta daina salla ba.

Inda muka gaza a gida ne. An ba su aikin rubuta asalinsu, ta rubuta dafa-duka da waƙoƙin Legas, abin da 'yan ajin suka sani game da Nijeriya ke nan. Ba ta san Buba Yero ne ya kafa masarautar Gombe ba. Ba ta san jihar ma sai 1996 aka cire ta daga Bauchi ba, ko cewa Tangale da Tera da Waja da Bolewa duk namu ne. Suna karanta daular Birtaniya a darasin tarihi, alhali a Burmi kusa da Bajoga sojojin daular suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, ni kuma ban taɓa faɗa mata ba.

Don Allah kafin biza ta fito, ku kai yaran kabarin Tafawa Balewa a Bauchi, ku zaunar da su gaban kakanninsu su ji sunayen dangi. Ranar Asabar bayan asuba zan kai tawa Bajoga. Akwai wurin yara uku a motar.