Yadda ake adana wake a buhun PICS ba tare da maganin ƙwari ba

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, amma duk manomin da ya taɓa ajiye wake ya san yadda ƙwaro ke mayar da shi gari cikin 'yan watanni. Tsoron wannan asara ke sa wasu su sayar da kaka a farashi mai arha, wasu kuma su zuba guba, har ta kai Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a cikinsa. Buhun PICS (Purdue Improved Crop Storage), wanda ke adana wake ba tare da guba ba, ya samo asali ne daga aikin haɗin gwiwa tsakanin masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da na cibiyar binciken noma ta Kamaru a Marwa, tun ƙarshen shekarun 1980. A 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa shi a ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka, cibiyoyin binciken noma irin su IITA a Najeriya da INRAN a Nijar suka shiga aikin kai shi ƙauyuka.

Buhun hawa uku ne, wato leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Babu magani ko kaɗan a jikinsa. Idan aka ɗaure shi sosai, ƙwarin da suka biyo waken daga gona su ne za su shaƙe 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci da hayayyafa, su bushe su mutu. Saboda haka duk ƙa'idojin amfani da shi manufarsu ɗaya ce, kada iska ta sami hanyar shiga.

Da farko a shanya waken ya bushe ƙarau, a sheƙe shi, a tsince duwatsu da guntayen kara, domin su ne ke huda leda. Wanda ke shakkar bushewarsa ya zuba 'yan ƙwayoyi a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ya rufe ya girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, to da sauran laima, sai a ƙara shanya. Wannan mataki bai kamata a yi masa gaggawa ba, domin ɗanyen wake a rufaffiyar leda ruɓewa yake yi. Haka kuma kada a ɗura shi da zafin rana a jikinsa, a bar shi ya huce a inuwa.

Kafin a zuba komai, a buɗe kowace leda ta ɗauki iska, a riƙe bakinta a matsa, a saurara ko tana huci ta wani wuri. Wadda ta huje a ajiye ta gefe. Sai a sa ta farko cikin ta biyu, a sa su duka cikin buhun waje, a riƙa zuba waken kaɗan-kaɗan ana jijjiga buhun don ya zauna, a kuma bar sarari a sama wanda zai isa ɗauri.

Wajen ɗaurin ne mutane suka fi yin kuskure, domin sukan haɗa bakin ukun su ɗaure lokaci guda. Abin da ya dace shi ne a danne ledar ciki a fitar da iskarta, a murɗe bakinta, a lanƙwasa shi, a ɗaure da igiya mai laushi wadda ba za ta yanka ba, sannan a yi wa ta biyu haka, a ƙarshe a ɗaure buhun waje shi kaɗai.

A ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango da hasken rana, a ɗakin da aka share aka toshe ramukan ɓeraye. Buɗewa don a duba yana mayar da aikin baya, don haka waken da iyali za su ci yau da kullum a ware shi daban tun farko. Bayan an juye, a sake gwada ledojin kamar yadda aka yi da farko, domin buhun da bai huje ba yana iya yin wata kakar, kuma yana ɗaukar masara da dawa da gero kamar yadda yake ɗaukar wake.