Yadda nake koya wa ungozoma riƙe mace ɗaya tun daga awo har arba'in

Ranar da sabbin ungozomomi suka zo hannuna, nakan kai kowace gaban mai ciki in ce: "Ƴata, ga Hajiya, cikinta wata uku. Taki ce har ta yi arba'in."

Ga abin da ya sa. A yawancin CSI namu, wato ƙananan asibitocin gwamnati, na Damagaram aiki rabe yake, wannan tana teburin awo, waccan tana ɗakin haihuwa, wata tana wajen rigakafi. Mace sai ta ga fuska biyar kafin ta sauka. Na taɓa karɓar haihuwar wata da dare, jini ya ɓalle, sai da muka sha wuya sannan uwar mijinta ta ce haka aka yi a haihuwar baya. Ta faɗa wa mai awo, ba a rubuta a karne, wato katin awo, ba, ni ma ban tambaya ba. Har yau abin yana cina.

Fara da haɗa ungozomomin uku-uku ko huɗu-huɗu, don mutum ɗaya ba ya kwana a tsaye kullum. Kowace mai ciki tana da tata ungozoma, amma kafin wata bakwai a nuna mata sauran, su gaisa, ta san sunansu. In naƙuda ta zo ranar hutun tata, ba baƙuwa za ta tarar ba.

Sai a tsara gardi, wato rabon ranakun aiki, bisa ranakun awon matan. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi awo sau 8, na farko cikin mako 12 na fari. A nan aikin yake, domin mai cikin fari kunya ba ta barinta ta zo da wuri, in ta zo kuma kanta a sunkuye. Ina sa ɗaliba ta aje biro, ta tambayi gida da yara tukun, sannan ta auna hawan jini, ta ba da ƙwayar ƙarin jini, Fansidar kuma, maganin zazzaɓin cizon sauro, in ciki ya wuce wata uku, a sha a gabanta. A zuwa na uku ne mace take faɗin abin da ta ɓoye a na farko.

Tambayar da ba na yafewa: "Ina za ki haihu?" Da yawa goyon ciki za su tafi gidan iyaye, Miriya ko Magarya ko Matamai. A yi ta tun wata biyar, a kira ungozomar can, a karanta mata abin da ke karne. Shugabar asibiti ta san cewa kuɗin kira ba daga aljihun sabuwar ungozoma zai fito ba, in ba haka ba wayar za ta mutu cikin wata guda.

Bayan haihuwa a duba mai jego cikin awa 24, sai kwana 3, sai tsakanin kwana 7 da 14, sai mako 6. Nakan ce su lissafa da suna da arba'in, ba a mantawa. Maganar hana kunun kanwa ga mai hawan jini kuwa, da kaka ake yinta, a durƙusa a ce "Inna", don ita ke riƙe da ludayin.

Duk ranar Alhamis muna zama rabin awa, kowace ta kira sunayen matanta ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ta zo awo ba, kafin la'asar an nemi gidansu.