Wane harsashi za ka ɗauka in za ka farautar elk a Amurka

Elk wata ƙatuwar barewa ce ta yammacin Amurka da Kanada, namijinta da ya girma yana kai kilo 300 zuwa 330, macen kuma wajen kilo 230, kaga kenan ya kai gwanki girma har ya ɗan ɗara shi. Jihar Colorado ta fi kowace jiha yawansu, sai irin su Montana, Oregon, Idaho da Wyoming. Waɗanda ke dazukan gaɓar tekun Oregon da Washington, da ake ce musu Roosevelt, sun ma fi na kan duwatsu jiki. Toh dabba mai wannan nauyin, ga fata mai kauri ga ƙashin kafaɗa mai tauri, kuma tana iya cin harsashi a huhu ta zura da gudu ta gangara wani kwazazzabon da sai ka kwana kana fito da nama a baya, dole mutum ya zauna ya yi tunanin abin da zai zuba a bindigarsa tun kafin ya sayi lasisi.

Fara da doka, don ita ba a musu da ita. Kowace jiha da nata ƙa'idar. A Colorado misali, faɗin harsashin kar ya gaza .24 na inci, wato milimita 6, dole ya zama irin wanda ke buɗewa in ya shiga jiki, nauyinsa na elk kar ya gaza giren 85 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), sannan ƙarfin bugunsa a yadi 100 ya kai 1,000 a ma'aunin da kamfanoni ke rubutawa a bayan kwali. California kuma tun 1 ga Yuli 2019 ta hana farauta da harsashin dalma kwata-kwata, in can za ka je sai na jan ƙarfe. Ka ɗauko littafin dokar jihar na wannan shekarar ka karanta da kanka, kar ka dogara da abin da wani abokinka ya ce maka wai haka ake yi bara. Amma fa ka sani abin da doka ta yarda da shi shi ne mafi ƙanƙanta, harsashin da ake kira .243 Winchester ya halatta a Colorado amma ni ba zan ba sabon maharbi shawarar ya tunkari bijimin elk da shi ba.

Shi giren ɗin nan ma'aunin nauyi ne, guda 7,000 ke yin fam ɗaya, harsashi mai giren 180 bai wuce giram 11 da rabi da ɗan ɗoriya ba. Ka saba da shi don duk kwalin da ka ɗauka da shi za a yi maka magana.

Yanzu ga ire-iren harsashin da aka fi gani a hannun mafarauta. Akwai .30-06 Springfield, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1906, yana tura giren 180 da gudun ƙafa 2,700 a daƙiƙa, kuma duk wani ɗan shagon ƙauye da ke sayar da harsashi a Montana ko Idaho za ka same shi a kan kanta. Wannan maganar samuwa a shago ba ƙaramin abu ba ce, in kayanka suka ɓata a jirgi ko ka manta kwali a gida za ka gane. Akwai ƙanensa .308 Winchester na 1952, ya ɗan gaza shi gudu kaɗan amma bindigarsa ta fi gajarta da sauƙin ɗauka. Akwai .270 Winchester na 1925, da giren 150 yana aiki sosai. Sai manya, 7mm Remington Magnum na 1962 da .300 Winchester Magnum na 1963 wanda ke tura giren 180 ɗin nan dai da gudun wajen 2,960, da kuma .338 Winchester Magnum na 1958 wanda masu shiga dajin da ke da beyar grizzly suke so. Na baya-bayan nan su ne na kamfanin Hornady, 6.5 Creedmoor da 6.5 PRC da 7mm PRC wanda ya fito a 2022.

Gaskiyar magana duk waɗannan suna kashe elk. Gardamar da ake tafkawa a kai yawanci ta son rai ce, kowa na kare abin da ya saya da kuɗinsa. Abin da ya kamata ya raba maka gardama shi ne kafaɗarka.

Bindiga in ta tashi tana naushin mai harbi, kuma iya girman alburushin da ke cikin kwanso iya ƙarfin naushin. A bindiga mai nauyin fam 8, .30-06 na naushi wajen 20 a ma'aunin da ake gwadawa, 6.5 Creedmoor bai fi 12 ko 13 ba, .300 Magnum ya haura 25, shi kuwa .338 ya wuce 30. Mutum zai je shago a ce masa ai elk sai magnum, ya saya, ya harba sau goma a filin gwaji kafaɗa ta yi tsami, daga nan jikinsa ya koyi tsoron bindigar ba tare da ya sani ba, duk sanda zai ja kunama sai ya runtse ido ya fizge hannu kafin harsashi ya fita, shikenan harbi ya sauka a tumbi maimakon huhu, kuma elk ɗin da aka harba a tumbi zai yi tafiyar kilomitoci ya je ya mutu a wahale inda ba wanda zai gan shi. Ga yadda za ka gwada kanka: ka ba wani ya riƙa loda maka bindigar ba ka gani, wani lokaci ya sa harsashin gaske wani lokaci ya sa na bogi mara alburushi. Ranar da ka ja kunama a kan na bogin, in bakin bindigar ya yi ƙasa ko ya karkace, to ta fi ƙarfinka, ka sauko zuwa ƙaramar bindiga ba abin kunya ba ne. Wanda ke sa .308 a inda ya nufa ya fi mai .300 Magnum da ke rufe ido nesa ba kusa ba.

Ka kuma tuna hawa za ka yi. Wuraren elk da yawa a Colorado sun haura mita 2,500 daga teku, numfashi ma aiki ne, sai kowa ya so bindiga mara nauyi, ita kuma mara nauyin ta fi naushi. Magnum a bindigar fam 6 azaba ce kawai.

In ka tambaye ni, mutumin da zai sayi bindiga ɗaya tak don elk ya ɗauki .30-06 ko .308, in kuma ya riga ya saba da harbi kuma filin da zai je buɗaɗɗe ne irin na Wyoming da ake hango dabba daga nesa to 7mm Magnum ko .300 sun dace. 6.5 Creedmoor fa? Yana yi, amma da sharaɗi. Mafarautan Suwidin sun daɗe suna kayar da moose, wani ɗan'uwan elk da ya fi shi girma, da 6.5x55 da ke kusa da shi a ƙarfi, sai dai su yawanci a kusa suke harbi. In shi gare ka, ka zaɓi harsashi mai ƙwari na giren 140 ko kusa da haka, ka tsaya cikin yadi 300, ka jira dabbar ta ba ka gefe sosai, kar ka ce za ka fasa ƙashin kafaɗa da shi daga nesa.

Toh amma inda na fi so ka kashe lokacinka shi ne kan shi kansa kan harsashin, wato abin da ke fita ya shiga jikin dabba, don mutane sai su yi wata guda suna gardamar lambar bindiga sannan su je su sayi kwalin da ya fi araha. Tsohon ƙirar da aka saba, dalma ce a ciki aka lulluɓe ta da siririn jan ƙarfe, irin Remington Core-Lokt da ke kasuwa tun 1939. Yana aiki a bindiga mai matsakaicin gudu kamar .308 da .30-06 in ka ɗauki mai nauyi, giren 180. Matsalarsa in aka tura shi da gudun magnum ya daki ƙashi a kusa, dalmar na iya rabuwa da rigarta ya tarwatse tun bai kai huhu ba. Wannan ne ya faru da John Nosler a 1946 a British Columbia ta Kanada, ya harbi moose da jikinsa ya sha laka da .300 H&H harsashin ya ƙi shiga yadda ya kamata, ya dawo gida ya ƙera wanda ya raba cikinsa gida biyu da bango a tsakiya, na gaba ya buɗe na baya ya ci gaba da nutsawa. Shi ne Nosler Partition da ya fara sayarwa a 1948, har yau kuma in aka ce harsashin elk da shi ake auna sauran.

Bayan shi akwai waɗanda aka liƙe dalmar da rigarta yadda ba za su rabu ba, irin Nosler AccuBond da Swift A-Frame da Federal Terminal Ascent. Sai na jan ƙarfe zalla ba dalma ko kaɗan, Barnes TSX da TTSX da Hornady CX, waɗannan kusan ba sa rasa nauyinsu kuma sau da yawa suna ɓullewa ta ɗaya gefen, abin da ke ba ka jini a ƙasa da za ka bi sawu. Amma suna da hali, gudu suke so, in gudunsu ya sauka ƙasa da ƙafa 2,000 a daƙiƙa ko wajen haka buɗewarsu na raguwa, shi ya sa da jan ƙarfe ake saukowa a nauyi, mai harba 180 na dalma a .30-06 sai ya koma 165 ko 168. Wasu kuma sun fi son su saboda ba ɓurɓushin dalma a naman da iyali za su ci.

Abin da ba za ka taɓa kai wa dajin elk ba: harsashin sojoji mai cikakkiyar riga wanda ba ya buɗewa, ya saɓa doka ma, da kuma irin siraran da aka yi don ƙananan dabbobi kamar su coyote masu fashewa da sun taɓa fata.

Nisa kuma. Mafarauta da yawa suna riƙe da ƙa'idar cewa harsashi ya isa jikin elk da ƙarfin bugu 1,500 aƙalla, ba doka ba ce, ma'aunin hankali ne kawai, amma yana taimakawa. Ka duba jadawalin bayan kwali ka ga a yadi nawa ƙarfin ya sauka ƙasa da haka, a yadi nawa kuma gudun ya gaza wanda harsashin ke buƙata ya buɗe, wanda ya fara zuwa cikin biyun shi ne iyakar harsashin. Iyakarka kai kuma daban ce kuma yawanci ta fi kusa: ka kafa faranti mai faɗin inci 10, ka harbe shi a zaune ko a kwance kan jakar bayanka, ba a kan teburin filin gwaji ba, nisan da kake samun sa kowane harbi shi ne naka. In ka yi saiti a yadi 200, giren 180 na .30-06 zai faɗi wajen inci 8 ko 9 a yadi 300, a 400 kuwa ya kusa ƙafa biyu, ga iska kuma tana kaɗa shi gefe, don haka na'urar auna nisa ta zama dole.

Kowace bindiga da abincin da take so. Ka sayi kala biyu ko uku cikin masu ƙwarin nan, ka harba uku-uku ko biyar-biyar a yadi 100 kana barin bututun ya huce, wanda ya fi haɗe ramukansa wuri ɗaya shi ne naka, in ramukan sun haɗu cikin inci ɗaya da rabi ya wadatar wa elk ba sai ka haukata kanka ba. Da ka samu sai ka koma ka sayi kwali uku ko huɗu masu lambar ƙira ɗaya, ka yi saiti da shi ka yi farauta da shi. Atisaye ka iya yi da mai araha amma kar ka yi saiti da shi, ba wuri ɗaya suke sauka ba ko da nauyinsu ɗaya. Kuma dan Allah ka karanta abin da aka zana a jikin bututun ka gwada da gindin kwanso, .300 Winchester Magnum daban, .300 WSM daban, .300 Weatherby daban, sunan ne kawai ya yi kama, cusa wanda ba na bindigar ba na iya jawo mummunan hatsari.

In ka isa sansani ka sake harba biyu ko uku ka tabbatar saitin bai goce a hanya ba, iskar saman dutse ba ta da kauri harsashi ba ya faɗuwa kamar a ƙasa, sanyin Oktoba da Nuwamba kuma na rage wa wasu alburusai gudu. A jirgi harsashi cikin kayan da ake aunawa yake tafiya, a kwalinsa, kuma yawancin kamfanonin jirage ba sa yarda ya wuce kilo 5.

Ranar harbi ka nufi bayan ƙafar gaba, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, nan huhu biyu da saman zuciya suke, ka yi Bismillah ka ja kunama a hankali. Elk sau da yawa ba ya nuna alamar an same shi, zai tsaya ƙyam kamar ba abin da ya faru, kar ka ɗaga kai kana kallo, ka sake lodawa nan take, muddin yana tsaye kuma kana ganin bayansa ba wata dabba ko mutum ka ƙara masa na biyu.