Yadda za ka wanke keken ƙarfe bayan ka bi hanyar burji

Keken ƙarfe na jure wahala, ka je aiki da shi a kwalta, ranar hutu ka bi burji. Tsatsa ce babbar matsalarsa.

1. Ka jiƙa shi da ruwan bokiti, ka wanke da soso da sabulu daga sirdi zuwa ƙasa. Kada ka kai shi wurin masu wankin mota, ƙarfin ruwansu yakan kori giris daga cikin boris.

2. Cen ne babban aikin. Ka tsoma tsohon burushin haƙori a kananzir, ka goge cen ɗin kana juya feda baya, har jar ƙasar da ta maƙale tsakanin haƙoran giya ta fita. Ka share da tsumma, ka bari ya bushe. Sai ka ɗiga man cen, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka jira minti 5, ka goge na saman. Mutane na son zuba baƙin mai don arha, amma ƙura yake kamawa, ya zama kamar yashi, ya cinye cen ɗin.

3. In ruwan sama ya dake ka, ka cire sandar sirdi, ka kifa keken don ruwan cikin bututu ya zubo. Ka shafa mata giris kafin ka mayar.

4. Ka duba inda tsakuwa ta ɓare fenti. Ka goge wurin, ka shafa ɗan fenti, ko da jan farce ne.

5. Ka gwada birki. Mai bai kamata ya taɓa robar birkin ba ko kaɗan.