Kafin igiya ta shiga gona: yadda gari da ƙaramar hukuma za su tsara fili tare

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da biron ƙungiyar ci gaban garinmu, ɗaya daga cikin ƙauyukan da Zariya ta miƙe ƙafa ta cim ma. Da muna yara, daga bayan gidanmu har dutsen Kufena ba abin da ke tare maka ido sai dawa. Yanzu kwanon rufi ne ko ta ina. Maƙwabtanmu sun dame ni da tambayar yadda muka yi muka tsara gabashin gari da ƙaramar hukuma, shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ku fara da sanin a hannun wa ƙasarku take. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Inda gwamna ya ayyana birni ne, shi ke ba da takardar mallaka. Inda ba birni ba, ƙaramar hukuma na iya ba da takardar mallaka ta gargajiya, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Mu na bakin Zariya a tsakiya muka faɗa: ga dagaci, ga gona, ga shanu, amma a takarda ƙila tuni an sa ku cikin da'irar birni ba ku sani ba. A jihar Kaduna rajistar filaye tana wurin hukumar filaye ta jiha, KADGIS, izinin gini kuma wurin hukumar tsara birane, KASUPDA. Ku tura mutum biyu su tambaya. In kuna cikin birni, sa hannun ciyaman kaɗai ba zai ɗauke ku ba, sai jiha ta amince. Ku kuma tabbatar da iyaka, don Zariya daban, Sabon Gari daban, kuma akwai garin da gidajensa ke wata ƙaramar hukuma, gonakinsa na Giwa ko Igabi ko Soba.

Sannan ku gai da hakimi kafin ku je sakatariya. Wanda ya tsallake shi zai dawo ya same shi.

A kwamiti ku sa dagaci, masu unguwanni, liman, sarkin noma, arɗo, kansila da wakiliyar mata. Ku roƙi ƙaramar hukuma ta ba ku jami'in filaye da duba-gari, da sunansu a wasiƙa, kada yau a turo wannan gobe wancan. Dillalan fili ma ku ba su kujera. Na san wasu za su yamutsa fuska, amma dillalin da aka bari a waje shi zai je wurin magada da dare da kuɗi a leda.

Yanzu ga inda aikin yake. Kada ku zana komai a ofis, kada kuma ku zaga fili da rani. Ku bari sai Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ku naɗe wando ku fita duka, har ma'aikatan. Ranar da muka yi namu, jami'in ya zo da taswira mai kyau, titi a miƙe sambal daga bakin kwalta zuwa rafi. Wani tsoho cikin masu gonaki ya tsaya a wani ɗan kwari, ya soka sandarsa ta nutse kusan kamu biyu. Ya ce, "Yaro, nan ka sa titinka?" Jami'in ya ce, "Nan ne, Baba." Ya ce, "To ka tanadi kwalekwale. Tun zamanin ubana ruwan tudun can ta nan yake bi." Muka bi sawun ruwan da ƙafa, yashi da ciyawar da ya kwantar suna nuna mana hanya, muna kafa turaku. Abin da muka fara shatawa ke nan: hanyar ruwa. Duk wanda ya ga yadda kogin Kubanni ke cika ya shiga gidajen da aka gina a bakinsa ba ya buƙatar a yi masa wa'azi.

Bayan ruwa sai burtali, arɗo ya nuna inda shanu ke bi zuwa mashaya. Sai titi, sai maƙabarta, makaranta, asibitin sha-ka-tafi, filin idi. Fuloti shi ne ƙarshe. Mu ƙafa arba'in muka bar wa babbar hanya, talatin ga na cikin layi, da gurbin lambatu.

Dalilin da na kafe a kan wannan jeri, na ga kishiyarsa, da hannuna a ciki. Yammacin garinmu awon igiya aka yi masa, kowane mai gona ya yanka hamsin da ɗari iya yadda gonarsa ta ɗauka, ni ma na sa hannu shaida a takardun ciniki fiye da ashirin. Yau akwai lungun da Keke Napep ba ya shiga. Bara da mace ta tashi haihuwa cikin dare, a kujera aka ɗauko ta zuwa bakin titi.

Rigima za ta tashi a kan gonar wa za a sa maƙabarta da makaranta. Kada ku jingina da diyya, don abin da doka ta fi duba wa shi ne amfanin gona, itatuwa da gini. Abin da ya fisshe mu: kowane mai gona ya ba da kaso daidai girman gonarsa, wanda tasa ta tafi gaba ɗaya aka musanya masa da fulotai daga kason sauran. Wata uku muka yi muna wannan lissafi a zauren dagaci. Gonar gado kuwa, sai kowane magaji ya yarda, har mata da ke aure a wani gari. In kun manta da ɗaya, za ku gan ta a kotu.

Zane ba sai kun je nesa ba. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen tsara birane, kuna iya neman shawara can, amma awo da kafa siminti a kusurwa aikin safiyo mai lasisi ne.

Yarjejeniyar ku rubuta ta da Hausa da Turanci, gajeriya, mai faɗin wa zai yi me: wa zai kawo gireda, wa zai haƙa lambatu, wa zai tsayar da wanda ya ci hanya, kuma a gaban wa za a kai shi. A karanta ta bayan sallar Juma'a kowa ya ji. Kofi ɗaya wurin hakimi, ɗaya wurin dagaci, ɗaya a fayil ɗin sakatariya, ku rubuta lambar fayil ɗin a littafinku. Ciyaman na zuwa yana tafiya, namu na uku ke nan tun da muka sa hannu.

Fili in an bar shi fayau, ido yake ja. Muka dasa darbejiya a jere bakin burtali, maƙabarta kuma muka zagaye ta da bulo layi biyu, iya kuɗin da muke da shi ke nan. Duk da haka watan jiya na tarar wani ya sauke yashi tifa guda a kan hanyar ruwa. Na kira mai unguwa, muka ɗauko taswira muka je muka same shi yana auna harsashi.