Yadda za ka yi hutun bakin teku a Kwatano ba tare da aljihu ya huje ba

Tun kana Yamai, ware kuɗin motar dawowa ka ɗaure su daban, ko da yunwa kar ka taɓa. Tafiyar zuwa Kwatano, a ƙasar Benin, ta kai kilomita 1,000, ta Doso, Gaya, Malanbil da Paraku. Tun bayan rufe iyaka a 2023 tsallakawa ta canza, don haka leƙa tasha ka tambayi direbobi halin da ake ciki. Ka riƙe katin shaida da na rigakafin shawara. Canji kam babu ruwanka da shi, sefarmu ita ce tasu.

Sai zaɓen lokaci. Yuni ruwa ne ba ƙaƙƙautawa. Ƙarshen Disamba kuwa baƙi sun cika gari, kuma kusan 10 ga Janairu, lokacin bikin bodun, addinin gargajiyarsu, ɗaki a Wida, garin bikin da ke kusa da Kwatano, sai mai rabo.

Masauki shi ne ramin da ke haɗiye kuɗi. Otal ɗin da tagarsa ke kallon ruwa a Fijirose, unguwar bakin teku, rabin abin da ka biya na kallon ne. Ni dai na fi son sauka wajen Zongo: ga Hausa, ga masallaci, ga tuwo da shayi a farashin gida. Da la'asar ka hau kabu-kabu, su zemijan suke ce masa, masu rigar ruwan ɗorawa, ka je ka sha iska ka dawo. Ku gama ciniki kafin ka ɗora ƙafa.

In da iyali ne, ɗauki gida mai kaya da madafa, ku yo cefane a kasuwa. Amma kar ka tura ko dala saboda hoton WhatsApp. Na taɓa yin wannan wautar. Da na isa, iskar gishiri ta cinye kilim ɗin, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai gurnani yake, sannan mai gidan ya ce kuɗin wuta a kaina ne. Shiga da ƙafarka, kunna komai, buɗe famfo, shinshina katifa ko danshi ya kama ta, ka duba gidan sauro. Biya kwana biyu tukuna.

A bakin ruwa, tambayi kuɗin kifi kafin a aza shi kan gawayi, har kujera da rumfa ma na kuɗi ne a wasu wurare. Kuma wannan ba kogin Isa ba ne, igiyarsa na jan mutum ciki. Riƙe hannun yara, ku tsaya iya idon sawu.

Tsaraba a bar ta sai jajibirin tafiya, da abin da ya yi saura.